Allurar asfarajinas kala uku ga yaro mai sankarar jini: wacce za a saya, kuma me kowacce ke yiwa hanta?

Daren da sakamakon ɓargon ɗan yayata ya fito, yaro ɗan shekara 6, aka tabbatar mana sankarar jini ce irin wadda likitoci ke kira ALL, wajen ƙarfe sha ɗaya ta kira ni muryarta na rawa tace "Auta kai ne kake aikin magani, likita yace cikin magungunan akwai wata allura kala biyu, ɗaya sau tara za a yi masa ita, ɗayar kuma sau ɗaya tak amma kuɗinta ba a cewa komai, kuma wai dukkansu suna taɓa hanta, don Allah wacce zamu saya?" Nace Yaya ki yi haƙuri gari ya waye in zo mu zauna da likitan tare. Na daɗe ina aikin famasi amma wallahi daren nan ne na fara jin nauyin wannan tambaya a ƙirjina, shi yasa naga ya kamata in rubuta abinda na faɗa mata, don nasan akwai iyaye da yawa a manyan asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da ake miƙa musu irin wannan takardar magani su riƙe ta a hannu basu san wa zasu tambaya ba.

Sunan maganin asfarajinas, a jikin kwalba zaka ga an rubuta L-asparaginase ko pegaspargase ko sunan da kamfani ya sa masa. Shi ba kamar sauran magungunan kansa bane masu kutsawa cikin ƙwayar halitta su ɓata ta daga ciki, shi ko shiga ƙwayar ma baya yi, a cikin jini yake zama yana aikinsa, aikin kuwa shine ya yanke wa ƙwayar sankara kayan da take haɗa furotin dasu. Ka ɗauka mai ɗinkin hula ne da zare kala 20, kowace hula sai ta ci kusan duk kalolin nan, ranar da kala ɗaya ta yanke to aiki ya tsaya cak ko da sauran 19 ɗin jibge suke a gabansa, don ba a tsallake kala a cigaba. To haka furotin yake, da amino asid kala 20 jiki ke ɗinka shi, ɗaya daga cikinsu sunanta asfarajin. Yawancin ƙwayoyin jikinmu suna da injin kaɗa wannan zaren da kansu, wani inzayim ne da ake cewa asfarajin sintetes, amma ƙwayoyin sankarar ALL nasu injin rarrauna ne ƙwarai, a kasuwa suke sayen zaren, kasuwar kuwa ita ce jini. Sai maganin nan ya shiga kasuwar ya fasa duk asfarajin ɗin da ya tarar ya mayar da ita asfatik asid da amoniya, ƙwayar sankara ta nemi zare ta rasa, ɗinkin furotin ya tsaya, ta kasa rabuwa ta hayayyafa, daga nan sai mutuwa.

Yadda aka gano shi ma abin mamaki ne. A 1953 wani likita a jami'ar Cornell ta Amurka mai suna John Kidd ya lura in aka yiwa ɓeraye masu wata irin kansa allurar ruwan jinin ɓeran Masar sai ƙarin ya narke, amma jinin zomo ko doki baya yin haka. Sai a 1961 John Broome ya nuna asfarajinas ce a jinin ɓeran Masar ɗin take wannan aikin, a 1964 kuma aka gano bakteriyar E. coli ma tana yin irinta mai kashe kansa, wanda shi ya sa aka iya samar da ita da yawa, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1978. Tun daga lokacin babu wani tsarin maganin ALL na yara da ya amsa sunansa da babu ita a ciki.

To ina hanta ta shigo? Ai ita hanta tana da nata injin kaɗa zaren, me zai dame ta? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu ma'aikatan lafiya. Hanta ita ce babbar masaƙar jiki, yawancin furotin ɗin da ke yawo a jini ita ke yinsu, albumin kaɗai babban mutum hantarsa na yin giram 10 zuwa 15 kullum ta Allah, ga furotin masu sa jini ya daskare in an ji ciwo, ga masu hana shi daskarewa ba gaira ba dalili, ga masu ɗaukar kitse su fitar dashi daga hantar zuwa sauran jiki. Mai aiki da yawa haka, in zare yayi ƙaranci a kasuwa dole ya ji a jikinsa ko da yana kaɗa nasa. Ƙari akan haka maganin baya tsayawa kan asfarajin kaɗai, yana ɗan cin gulutamin ma, ita kuwa gulutamin ita ce amino asid ɗin da tafi kowacce yawa a jini kuma da ita ake kaɗa asfarajin ɗin ma kanta, kaga an taɓa zaren an kuma taɓa audugar.

Bambancin hanta da ƙwayar sankara yana wajen abinda kowacce ke yi in yunwar ta zo. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani mai gadi da ake kira GCN2, da zarar ya ga wata amino asid ta yanke sai ya buga ƙararrawa a rage ɗinkin furotin gaba ɗaya a kuma ƙara kunna injin kaɗa asfarajin. Ƙwayar hanta tana jin ƙararrawar ta rage aiki, ta lallaɓa, ta ƙara kaɗa nata zaren, ta rayu har maganin ya bar jiki ta koma bakin aikinta. Ita ƙwayar sankara tana jin ƙararrawar amma injinta bazai iya cike giɓin ba, ga ta kuma da haɗamar hayayyafa, sai ta faɗi. An gwada a ɓerayen da aka cire musu GCN2 ɗin nan, da aka basu asfarajinas sai hantarsu ta cika da kitse ta lalace fiye da ta lafiyayyu nesa ba kusa ba, wato rage aikin da hanta ke yi ɗin nan kare kanta take yi. Amma fa jiki ne ke biyan kuɗin wannan kariyar. Furotin masu gajeren kwana su ke fara raguwa, antitrombin mai hana jini yin guda kwana biyu zuwa uku rabinsa ke ƙarewa, faibrinojin mai sa jini ya tsaya wajen kwana huɗu, shi yasa cikin makon farko zuwa na biyu zaka ga sun yi ƙasa, kuma tunda mai hanawa da mai sawa duk sun ragu yaro na iya yin gudan jini, har a jijiyoyin kai, ko kuma ya yi zubar jini, duk da dai gudan yafi yawa. Albumin shi yana kai wajen mako uku kafin rabinsa ya ƙare, don haka a hankali yake sauka, sai kaga ƙafa ta fara kumbura. Kitse kuma ya taru a hanta tunda motocin kwasarsa sun yi ƙaranci, wani har shawara ta fito masa a ido.

Yanzu ga abinda nafi so iyaye su riƙe kafin mu shiga kwatanta alluran. Yayata cewa tayi a zaɓa mana wadda bata taɓa hanta, kuma kowace uwa haka zata ce. Amma duk asfarajinas ɗin da take aiki yadda ya kamata sai ta rage furotin ɗin hanta, don yunwar da ke kashe sankarar ita ce dai yunwar da hantar ke ji. An taɓa gwada wannan ƙarara. A wani babban bincike na Turai da aka fitar a 2002, EORTC 58881, an raba yara gida biyu, wasu aka basu ta E. coli wasu kuma wadda ake samu daga wata bakteriyar daban mai suna Erwinia, awo ɗaya, yunit 10,000 kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki sau biyu a mako. Masu ta Erwinia sun fi samun sauƙin matsalar daskarewar jini, amma bayan shekara 6 wajen kashi 60 cikin 100 ne cutar bata dawo musu ba kuma babu wani mugun abu da ya same su, masu ta E. coli kuwa wajen kashi 73. A Boston ma cibiyar Dana-Farber ta gwada sau ɗaya a mako ta samu irin wannan, masu ta Erwinia kashi 78, masu ta E. coli kashi 89. Ba wai ta Erwinia bata da kyau bane, da wuri take barin jiki, a wancan awon bata daɗe tana yunwatar da kowa ba, daga hantar har sankarar. Don haka in kaji ance wata allurar "bata da takura ko kaɗan", ka fara tambaya shin tana aiki kuwa.

Ta farko, wadda nake kira ta asali, daga E. coli ake samunta ba a yi mata wani ƙari ba. Ita ce aka fi samu a ƙasashenmu, akwai Leunase ta Japan, akwai Spectrila ta Jamus, da samfurori barkatai daga Indiya da China, yawanci gari ne a 'yar kwalba mai yunit 5,000 ko 10,000. Rabinta na ƙarewa a jini cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi, shi yasa ake maimaita ta, wani tsarin yunit 6,000 kan murabba'in mita sau uku a mako har sau tara, tsarin Jamusawa kuma yunit 5,000 duk bayan kwana uku sau takwas a zangon farko. Alherinta biyu ne a wajena. Na farko araha, ita ce talaka zai iya tunkara. Na biyu kuma tana da birki, in yaro ya fara ciwon ciki mai tsanani ko ido ya yi ɗorawa ko gwajin hanta ya hau sosai, likita na iya dakatar da allurar gobe, cikin kwanaki maganin ya bar jiki hanta ta fara farfaɗowa. Aibinta kuwa yawan sukar allura ga yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, da yawan zirga-zirga in ba a kwance yake ba, sannan babban cikinsu garkuwar jiki na saurin gane ta a matsayin baƙuwa, wasu rahotannin sun kai kusan yaro ɗaya cikin uku yana yin alaji, kuma yawanci ba a zangon farko yake zuwa ba, sai an huta an dawo mata bayan watanni sannan borin jini ya fito, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe.

Akwai kuma matsalar da ta fi duk waɗannan ci min rai, ita ce inganci. Wannan ba maganin da ake haɗawa da sinadarai bane irin farasitamol, daga cikin bakteriya ake tato shi, in tacewar bata yi kyau ba sai tarkacen furotin ɗin bakteriyar su biyo shi, ko ƙarfinsa ya gaza abinda aka rubuta a kwalba. A 2017 Brazil ta sauya zuwa wani samfuri mai araha, da masana can suka bincika sai suka tarar da tarkace da yawa a ciki kuma baya daɗewa a jinin yara yadda ya kamata. A watan Janairun 2023 kuma ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta Landan, Bureau of Investigative Journalism, ta fitar da rahoto cewa samfurori marasa inganci sun shiga ƙasashe sama da 90. Abin tsoron shine marar inganci bata nuna kanta, yaro zai karɓi allurarsa lafiya lau, albumin ɗinsa na nan daram, faibrinojin bai motsa ba, iyaye na murna, ashe ruwa ake zuba masa, sai bayan wata da watanni cutar ta dawo. Ni yanzu in naga yaro ya sha allura shida bakwai ta asali amma gwajin jininsa bai nuna alamar an taɓa hanta ko kaɗan ba, hankalina ba kwanciya yake ba, nakan je in yiwa likitan magana mu duba daga ina kwalaben suka fito.

Ta biyu ita ce mai riga, Oncaspar shine sunan da aka fi sani. Ita ma ta E. coli ce amma an lulluɓe ta da wani sinadari da ake kira PEG, rigar nan ke ɓoye ta daga garkuwar jiki ta kuma hana a share ta da wuri, sai rabinta ya kai kwana biyar da rabi kafin ya ƙare, allura ɗaya ta riƙe asfarajin a ƙasa mako biyu zuwa uku wani lokacin ma fiye. Amurka ta amince da ita a 1994 ga masu alaji, a 2006 ta zama ta farawa da ita, a ƙarshen 2012 ma aka daina sayar da ta asalin a can, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta saka ta a jerin muhimman magunguna a 2019. Awonta ga yara yunit 2,500 kan murabba'in mita, ba a maimaitawa sai bayan kwana 14 aƙalla, Ingila kuma ta daɗe tana amfani da 1,000 kacal a tsarinta da sakamako mai kyau. Wajen warkarwa, da Dana-Farber ta kwatanta ta da ta asali mai inganci da ake yi duk mako, sakamakon ya zo kusan kunnen doki, kashi 90 da 89, sai dai yaran da ake sa musu mai riga ta jijiya sun fi samun sauƙin fargabar allura. Ka lura da wannan da kyau, ta asali mai kyau da aka yi cikakkiya akan lokaci bata gaza mai riga ba. Fifikon mai riga shine ƙarancin allura, ƙarancin haɗuwar sojojin jiki a kanta, da wuyar a tsallake wani awo saboda yajin aiki ko rashin kuɗin mota ko ƙarewar kaya a famasi.

Amma mai riga bata da birki, in ta shiga ta shiga, babu wani maganin da zai janye ta. In hanta ta kasa ɗauka to sai dai a yi ta tallafarta ana jira, shawarar takan fito mako biyu zuwa uku bayan allurar kuma ta ɗauki makonni kafin ta sauka, a tsakanin nan sauran magungunan da hanta ke sarrafawa irin su binkiristin da donorubisin dole a jinkirta su ko a rage, wasu likitocin na bada libokanitin don taimakon hantar. Ƙananan yara yawanci suna jurewa. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne manya, da masu ƙiba, da wanda dama akwai kitse a hantarsa ko albumin ɗinsa a ƙasa yake tun farko. A binciken UKALL14 na manya a Ingila sai da aka gyara tsarin a tsakiyar tafiya aka rage wa waɗanda suka haura shekara 40, saboda mace-macen da aka samu a zangon farko. Don haka in majinyacin babba ne, maganar awo da lokaci sai ƙwararren likitan jini, kada wani ya ɗauki lissafin yara ya ɗora masa. Akwai ma wata 'yar uwarta mai suna Asparlas da ta fito a 2018 wadda ta fi ta daɗewa, duk bayan kwana 21, duk abinda na faɗa akan rashin birki ya fi shafarta.

Ta uku, ta Erwinia, bazan daɗe a kanta ba don ba ita ake farawa da ita ba. Daga wata bakteriyar tsirrai ake samunta, ba dangin E. coli bace ta fuskar garkuwar jiki, don haka sojojin da suka haɗu akan ta asali ko mai riga basa gane ta. Wannan shine amfaninta, ita ce mafaka in alaji ya tabbata. Ka sani sauyawa daga ta asali zuwa mai riga bayan alaji mai ƙarfi ba koyaushe yake fisshe ka ba tunda uwarsu ɗaya, sojojin na iya cinye mai rigar ma da wuri. Ta Erwinia rabinta na ƙarewa cikin wajen awa 16, shi yasa awonta ke da yawa, yunit 25,000 kan murabba'in mita Litinin da Laraba da Juma'a, allura shida ke maye gurbin mai riga ɗaya. In aka bada ta a wannan cikakken awon to ita ma tana taɓa hanta kamar sauran, ta ma fi su cin gulutamin. Erwinase da ake yi a Porton Down ta Ingila ta sha yankewa a kasuwar duniya shekara da shekaru, har aka fito da wata irinta mai suna Rylaze a 2021, kuma dukkansu tsadarsu ta wuce ta mai riga in ka haɗa allura shidan, a ƙasashenmu sai an yi oda ta musamman.

Alajin ma kala biyu ne. Akwai na fili da kowa zai gani, shi yasa ake ajiye yaro awa guda bayan kowace allura da allurar gaggawa ta adirenalin a kusa, kada ku yarda a yi masa ita a gida ko a kyamis. Akwai kuma na ɓoye, sojojin jiki su cinye maganin shiru babu ko ƙurji ɗaya, ana gane shi ne ta gwajin ƙarfin maganin a jini, ana so ya kai yunit 0.1 a kowace mililita. Sannan wani lokacin amoniyar da maganin ke saki da yawa lokaci ɗaya in an sa ta jijiya tana sa amai da jiri da jan fuska, a ɗauka alaji ne a yar da magani mai kyau a banza, don haka ku faɗawa likita daidai abinda kuka gani da mintin da ya fara. Abinda sauya allura baya magancewa kuwa shine kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai yin insulin. In ya yi tsanani to duk kala ukun an rufe babinsu. Ciwon ciki mai tsanani da ke soka har baya da amai, ko ciwon kai mai tsanani, jijjiga, shanyewar hannu ko ƙafa, kumburin ƙafa ɗaya, yawan fitsari da ƙishirwa saboda suga na hawa musamman da yake ana haɗa ta da wasu magunguna masu tada suga, firednisolon ko dekza, duk waɗannan a tafi asibiti a daren, kada a jira ranar kilinik.

Sai lissafin kuɗi, wanda a gaskiya shi ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Ɗan yayata faɗin jikinsa wajen 0.8 ne. Ta asali yunit 4,800 kenan kowace allura, kwalbar 5,000 ta isa, kwalba tara. Mai riga yunit 2,000 yake buƙata amma kwalbar 3,750 ce kuma in an buɗe ba a ajiye ragowar, ka biya duka ka zubar da kusan rabi. Ta Erwinia yunit 20,000, kwalba biyu kowace allura, kwalba 12 don maye mai riga ɗaya. Kuma ba zango ɗaya bane, za a sake dawowa kanta a gaba, maganin ALL gaba ɗaya ya haura shekara biyu, ga ƙarin jini, ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta in zazzaɓi ya zo, ga gwaje-gwaje, ga abinci da mota. Kammalawa kuwa ba ƙaramin abu bane, a wani binciken Dana-Farber da aka fitar a 2001 yaran da suka samu mako 26 ko fiye na asfarajinas kashi 90 suka tsira daga dawowar cutar cikin shekara 5, waɗanda aka tsayar musu kafin nan kashi 73, a 2020 kuma ƙungiyar likitocin kansar yara ta Amurka ta nuna yara masu haɗari sosai da basu samu duk awonsu ba cutar ta fi dawo musu, amma waɗanda aka cike musu da ta Erwinia sun yi daidai da sauran. Ni ra'ayina, in gida zai iya ɗaukar duk awon mai riga da ke cikin tsarin daga farko har ƙarshe ba tare da an karye ba, to a fara da ita tun ranar farko, kada a bari sai sojojin jiki sun haɗu. In kuwa sai an sayar da gona za a sayi kwalba ɗaya sannan a rasa na zango na biyu, wallahi gara ta asali mai inganci a yi ta cikakkiya. Kuma a bar likita ya daidaita da tsarin da asibitin ke bi, ba a cakuɗa awon wannan tsari da na wancan.

Kowacce aka zaɓa, kafin allurar farko a gwada hanta da albumin da suga da daskarewar jini, a kuma gwada ciwon hanta nau'in B, don binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na baligai a Najeriya na ɗauke dashi, yaro na iya samu tun wajen haihuwa, magungunan kansa kuma suna tada shi daga barci. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan uwa ke kawowa da kyakkyawar niyya a ajiye su tukuna, hantar da ta rage aiki ba lokacin ɗora mata abinda ba a san awonsa ba ne, ko farasitamol ma sai da izinin likita don yana ɓoye zazzaɓi. Wata gwaggonmu cewa tayi tunda maganin yunwar furotin yake sawa to a hana yaron nama da ƙwai don a taya shi aiki, nace a'a Gwaggo, maganin na fasa asfarajin ɗin a jini ko daga ina ta zo, hana shi abinci hantarsa da tsokarsa kawai zai ƙara karyawa, a bashi ƙwai da wake da kifi da madara, maiƙo ne dai a sassauta tunda kitsen jini na hawa. Sai sanyi, duk kala ukun a firji suke zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar dasu ba a girgiza su, da yanayin wutarmu da zafin Afrilu kwalbar da ta kwana a but ɗin mota ta tashi aiki ko da asalinta mai kyau ce. Ku saya ta famasin asibiti ko dilan da asibitin ya sani, ku duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa ku ɗauke su a hoto, ku ɗauko ta a kula mai ƙanƙara amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar.

Mu dai da muka zauna da likitan muka baje abinda ke hannunmu, ta asali muka ɗauka, muka sayi kwalba tara rukuni ɗaya a lokaci ɗaya aka ajiye mana a firjin famasi da sunansa. Wajen allura ta shida faibrinojin ɗinsa ya sauka, albumin ya dawo 2.8, ƙafafunsa suka ɗan tasa, Yaya ta rikice tace a dakata, likitan ya duba idonsa ya danna cikinsa ya ga sauran gwajin hantar basu wuce iyaka ba yace a cigaba ana sa ido, aka ƙarasa taran. Mako uku bayan ta ƙarshe albumin ya koma 3.6, kumburin ya saɓe, ɓargon da aka sake ɗiba a ƙarshen zangon kuma ya fito ba a ga ƙwayoyin sankarar ba. Yanzu zango na gaba muke tunkara inda za a sake dawo masa da ita, wato daidai wurin da alaji ya fi zuwa, mun riga mun yi magana da likitan akan wacce za a koma in hakan ta faru da inda za a yi odarta, kuma dangi sun fara tara kuɗin tun yanzu. Ku sa shi a addu'a don Allah.